Zagayen Malam Zarami

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon sukuwa a ƙasar Katagum cikin shekara talatin da suka wuce ya san mahaifina, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tsagar Barebari a kumatu, wanda kafin a saki dawaki yakan tuɓe riga, ya kurɓi baƙin magani daga kwalba, ya zagaye filin kaf a guje da ƙafa. Sunansa Malam Zarami. Ni ce autarsa, Mas'uda, malamar firamare a nan Azare, kuma ni ce na kashe masa sana'a da hannuna a gaban jama'a. Da fushi nake wannan rubutu, gara in faɗa tun da wuri.

A wani ƙauye kusa da Potiskum aka haife shi. Yana ɗan shekara sha biyar ya biyo wani dillalin dawaki zuwa kasuwar Azare, dillalin ya koma, shi ya zauna. Ba shi da nauyi a lokacin, ga shi ba ya tsoro, don haka masu dawaki suka riƙa ɗora shi a kan dabbobinsu ranar tsere. Ya hau a Azare, ya hau a garin Katagum, ya hau a Bulkachuwa da Zadawa, ya ciyo wa mutane kofuna da suna, amma ko jaki bai taɓa mallaka ba. Da ya kusa talatin jikinsa ya buɗe, ƙashi ya yi nauyi, sai waɗanda jiya suke kiransa zaki suka fara duba wani waje idan ya gaishe su. Haka masu dawaki suke, kuma ban ga alamar sun canja ba.

A nan ne ya tuna da maganin mahaifiyarsa. Tsohuwar ta shahara a ƙauyensu wajen tari da sanyin ƙirji, shi kuma tun yana ƙarami shi ke iza mata wuta. Zuma ce da citta da kanunfari da masoro da tafarnuwa da man shanu, sai wasu sassaƙe iri biyu da bai taɓa gaya wa kowa sunansu ba, har mahaifiyarmu Ya Gana. Ana dafa shi ya yi baƙi ya yi kauri, ga ɗaci ga yaji, idan ka lasa sai hawaye sun zo maka. Banda na kwalba, yana koya wa mutane surace, wato a tafasa ganye a lulluɓa da bargo a shaƙi tururin, yana kuma ba da man kaɗanya da za a ɗumama a shafe ƙirji da baya da shi.

Zan faɗi gaskiyar maganin nan, tunda yanzu kowa ya ga dama sai ya zage shi. Yana aiki. Mu tara muka tashi a gidan, babu wanda tari ya taɓa kwantarwa sati guda. Kuma Baba ya san iyakarsa. Idan mutum ya zo yana ramewa, ko ya ce yana ganin jini a kakinsa, ba ya karɓar ko kwabo, sai ya ce wannan ya fi ƙarfin kwalbarsa, ya tare masa acaɓa ya ce a kai shi asibiti. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Ranar farko da ya shimfiɗa kwalabensa a bakin filin sukuwa babu wanda ya saya. Masu magani sun yi yawa, kowa yana rantsuwa da nasa. Sai wani mai neman magana ya ce masa in da gaske maganin yana buɗe ƙirji, ya sha ya zagaye filin nan su gani. Baba mutum ne da ba a yi masa haka. Ya kurɓa, ya ajiye hula, ya fita a guje. Da ya dawo inda ya tashi bai durƙusa ba, bai dafa gwiwa ba, ya tsaya ƙyam ya jero tallarsa tun daga tari da majina da shaƙewar murya har zuwa sanyin haƙarƙari, duk da numfashi ɗaya. Wannan jerin shi ne ainihin gwajin, don gudu kowane matashi zai yi. Kafin a saki dawakin farko kwalaben sun ƙare.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara idan an kawar da amfanin gona aka share fili, ba a fara tsere sai an yi abin da ake kira zagayen Zarami. Da wannan gudu ya ciyar da mu, ya gina gida mai ɗaki huɗu, ya aurar da 'yan mata biyar, ya kai ni kwaleji. Ina ƙarama babu abin da nake alfahari da shi kamar in ji ana cewa ga 'yar Zarami can. Idan ya dawo gida da yamma yakan zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, mu yi ta rububin wanda zai matsa masa.

Amma akwai ɗakin dahuwa. Wani ɗan ƙuƙumin ɗaki ne a bayan gida, kuma a nan ya yi wa kansa illar da babu maƙiyin da zai iya yi masa. Tsoronsa ɗaya a duniya shi ne wani ya gane sassaƙen nan biyu. Don haka idan zai dafa sai ya shiga ya ja ƙofa ya sa sakata, ya toshe 'yar tagar da tsumma, ya hura itace, ya zauna yana juya tukunya tun bayan sallar asuba har azahar. Sau biyu a sati, shekara talatin da ɗoriya. Yakan fito idanu jajur, hanci baƙi ƙirin, yana murmushi. Ya Gana ta yi magana har ta gaji, ta ce ko maƙwabta sun ga sassaƙen ai ba su da ƙafar gudu. Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Wai maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ne zai leƙo ta taga ya sace sirri, bawan Allahn da ko shayi bai iya dafawa ba.

Shekara uku da suka wuce na fara jin wani ɗan fito a numfashinsa idan ya yi ruku'u. Na yi magana ya ce sanyi ne. Ya ƙara yawan cokalin da yake sha, ya yi surace safe da yamma. Ran nan ya dawo daga masallaci ya kasa haye dokin ƙofar zaure, ya tsaya ya rungume bango yana buɗe baki. Ban nemi izininsa ba, na tare keke napep muka saka shi muka nufi asibiti.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta saurari ƙirjinsa, aka ɗauki hoto, ta tambaye shi ko yana shan taba. Ya ji haushi ya ce bai taɓa sa ta a baki ba. Ni na ba ta labarin ɗakin dahuwa, yana harara ta. Ta ce hanyoyin iskar da ke huhunsa sun ƙuntace saboda hayaƙi, ba za su koma yadda suke ba, amma zai iya daɗewa da ransa in ya kiyaye. Ta hana shi hayaƙi, ta hana shi gudu. Ta ba shi ɗan abin shaƙa na roba da masu fuka ke amfani da shi, wanda ake ce wa inhela, ta ce kada ya rabu da shi ko masallaci zai je. Ta kalle ni ta ce in ya shaƙe a inda babu abin nan, minti kaɗan ya isa a rasa shi.

Ya karɓi inhelar ya cusa a ƙasan aljihu kamar abin sata. A gida yana amfani da ita, don jiki magayi, amma sai ya shiga banɗaki ya rufe. Ko Ya Gana bai yarda ta gani ba. Da na tayar da maganar zagaye ya ce mutumin da ya shekara talatin yana gaya wa jama'a ga abin da ke buɗe ƙirji, in ya daina gudu ya ƙaryata kansa, in kuma aka gan shi da robar asibiti ya ƙaryata uwarsa da ke kabari. Na ce shekararsa sittin da bakwai, babu mai hankalin da zai zarge shi don ya huta. Ya ce filin sukuwa ba wurin masu hankali ba ne, ya fi ni saninsa.

Da na ga ba zan ci nasara a gida ba sai na tafi wurin Alhaji Babayo. Shi ne shugaban masu shirya tseren, dawakinsa huɗu, kuma shi ke riƙe lasifika ranar taro don ba ya gajiya da jin muryarsa. Na durƙusa har ƙasa a falonsa na gaya masa abin da likita ta ce, na roƙe shi ya cire zagayen bana, ya ce lokaci ne ya ƙure ko wani abu, yadda Baba zai samu mafita ba tare da ya ji kunya ba. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce rabin masu zuwa kallo don Zarami suke zuwa, kuma ai babu mai sa masa igiya a wuya. Ya ce in kwantar da hankalina, likitoci ba su da aiki sai tsorata mutane.

Bayan kwana biyu sai ga motarsa a ƙofar gidanmu. Ya kawo wa Baba shadda yadi biyar da hula, ya zauna yana zuba masa kirari, wai bana akwai baƙi daga Yobe da Jigawa da suka ji labarinsa, wai za a kira sunansa kafin na kowane doki. Ina tsakar gida ina ji. Mutumin nan fa idan dokinsa ya yi tari sau ɗaya, sai ya hana shi fita wata guda, ya lulluɓe shi da bargo, ya aika a ɗauko likitan dabbobi tun daga Bauchi. Na ga dokinsa ana ba shi zuma a cokali. Amma ƙirjin ubana bai kai masa na dabba ba, don doki da kuɗinsa ya saya, Zarami kuwa kyauta ya same shi.

Ranar tseren ta zo, a filin da ke bayan garin Katagum aka yi shi. Baba ya fita tun da safe da jakar kwalabensa. Bayan fitarsa na shiga ɗakinsa na ɗaga matashi, ga inhela nan a ajiye. Da gangan ya bar ta. Na ɗauka na soke a ɗankwalina, na ja hijabi, na hau mota.

Mata ba sa shiga filin sukuwa. Iyakarmu bayan igiya, can wajen masu sayar da kunun zaƙi da gyaɗa. A nan na tsaya, rana tana dukan tsakar kaina. La'asar ta yi, aka yi salla, Alhaji Babayo ya hau kan benci ya fara kwarara sunan Baba a lasifika. Baba ya fito tsakiya, ya tuɓe riga. Na daɗe ban ga jikinsa haka ba, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya ɗaga kwalba sama, ya kurɓa, jama'a suka ɗau tafi, ya fita.

Farkon gudun ya yi kyau, har zuciyata ta so ta yaudare ni. Yana isa lanƙwasar da ta fi nisa sai ƙafarsa ta fara ja. Ya koma sassarfa, ya koma tafiya. Matasa na ihu suna cewa ya ƙara wuta, Alhaji Babayo a lasifika yana cewa zaki yana ɗan duba talakawansa ne. Sai Baba ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Mutane suka fashe da dariya, sun ɗauka sabon salo ne, za a ga ya zabura ya miƙe. Wayoyi duk sun tashi sama. Ni daga inda nake ba na jin numfashinsa, amma ina ganin kafaɗunsa suna hawa suna sauka, na kuma san abin da hakan ke nufi.

Ban san lokacin da na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ba. Na yanki tsakiyar filin a guje, takalmina ɗaya ya fita na bar shi, wani mai sanda yana bina yana cewa in koma. Na iske leɓen Baba ya yi toka-toka, idanunsa sun firfito, iska ba ta shiga ba ta fita. Na ciro inhelar. Yana ganinta ya kau da kai ya datse haƙora. Da ɗan abin da ya rage masa na murya ya ce, "Ba a nan ba."

Na ce, "A nan, Baba."

Ya ƙi buɗe baki. Sai na yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Na tallafo kansa na matse a jikina, na toshe masa hanci, yadda ake yi wa jariri ɗura. Bakin ya buɗe don dole, na cusa robar na danna, na sake dannawa. Ubana, mai shekara sittin da bakwai, a gaban mutum ya fi dubu. Na ji iska ta fara ratsa ƙirjinsa da ƙara, na ji jikinsa ya saki. Hawaye na zuba daga idonsa, bai ɗago ya kalle ni ba.

Filin ya yi tsit. Ana cikin wannan shirun sai lasifika ta yi gyaran murya, Alhaji Babayo ya ce, "To jama'a, ashe mai magani ma yana da nasa maganin." Aka kece da dariya. Wasu dattawa biyu da suka san Baba tun yana hawa suka zo suka kama shi muka fitar da shi gefe, ɗaya ya yafa masa rawaninsa. Ba mu kai bakin titi ba na ji an saki dawaki.

Kafin mu iso Azare hoton ya riga mu. Har ɗalibaina sun gani a wayoyin iyayensu. Cikin sati guda babu mai tsayawa a ƙofar gidanmu neman magani. Mutanen da Baba ya raba da tari shekara da shekaru, waɗanda 'ya'yansu suka tashi da ɗacin kwalbarsa a baki, su ne a majalisa suna cewa daman mayaudari ne, da robar asibiti yake gudu tun farko. Wata mata da na san sau uku yana ba ta kyauta don ba ta da hali, ita ce ta tare ni a kasuwa tana tambaya wai da gaske ne ruwan toka yake dafawa. Allah ya isa, ban da abin cewa da ya wuce haka. Alhaji Babayo ko sannu bai aiko ba. Da shekara ta zagayo ya samo wani matashi mai wasa da babur a kan taya ɗaya, aka ce ma jama'a sun fi na bara yawa.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da na tarar a gida. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban taɓa jin Baba ya ambaci Alhaji Babayo da mugun baki ba, har shaddar nan ya ba tela ya ɗinka, yana sawa ranar Juma'a. Ni ce dai. Idan na shigo zaure na gaishe shi sai ya ɗaga carbi, alamar yana lazimi, ko da kuwa yanzu na ji shi yana hira da Ya Gana. Ya daina cin abincin da na aiko daga gidan aurena. 'Ya'yana yana wasa da su, yana ba su dabino, amma in suka ce mamarsu na gaishe shi sai ya tambaye su karatu. Yayyena da ba su je filin ba, waɗanda ba su taɓa raka shi asibiti ba, su ne masu ba ni shawarar in je in ba shi haƙuri, wai na tozarta shi. Na tambaye su haƙurin me.

Ɗakin dahuwa ya rufe shi da kansa, yanzu kajin Ya Gana ke kwana a ciki. Numfashinsa ya yi sauƙi tunda ya rabu da hayaƙi, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, har ya ɗan yi ƙiba. Duk lokacin da inhelarsa ta kusa ƙarewa ni ke sayo sabuwa in kai, in ajiye a gefen tabarmarsa in fita. Haka muka yi fiye da shekara.

Watan jiya na kai, na ajiye, na juya zan tafi, sai na ji ya yi magana. Bai kalle ni ba, bango yake kallo. Ya ce, "Da kin bar ni a wurin, da yanzu cewa ake Zarami ya mutu yana gudu. Da jikokina sun gaji suna. Yanzu me suka gada?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Abubuwa da yawa sun zo mini, na so in ce masa suna ba ya ɗaukar jika a cinya, na so in ce masa waɗanda yake son su yabe shi ko jana'izarsa ba za su tsaya ba sai an gama tsere. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, in aka sake yau, haka zan sake yi."

Can ya miƙa hannu ya ɗauki robar, ya tura ta ƙarƙashin tabarma, ya ce in ja masa ƙofa in zan fita. Na ja masa. Har yau bai yafe mini ba, ni ma ban roƙe shi ba.